Kibod ɗin Baba

Litinin, 26 ga Fabrairu, 2024

Yau na kwance kwamfutar Baba daga kwali. Tun ranar rabon gado take jingine bayan ƙofa, ban iya kallonta ba. Na haɗa ta da sola, ta kawo, ta nemi lambar sirri. Na san lambar, ni nake buga masa in idonsa ya gaji. Amma kibod ɗin, wannan marar waya, ya ƙi. Na danna, na danna, ko harafi ɗaya. Hotunansa duk suna cikin kwamfutar.

Talata, 27 ga Fabrairu

Sabon batir. Shiru. Na juya shi, na goge wajen da tsumma, na kashe na kunna, na matso da shi dab da kwamfutar kamar mai jin nauyin kunne. Wasu haruffan sun goge saboda yatsun Baba. Nan na tsaya na yi kukana.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Malam Uwais, mai koyar da kwamfuta a makarantarmu, ya biyo bayan an tashi. Ya leƙa bayan kwamfutar ya ce kibod lafiyarsa lau. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa da ake soka mata, shi ke haɗa su, kuma babu shi. Wai in za a ɗaure kaya, a cikin maus, ɗan linzamin nan da ake turawa da hannu, ake ɓoye shi, gefen batir. Ya tambaye ni ina maus ɗin.

Nan na tuna. Ranar rabo dattawa sun ware ƙananan kaya gefe guda: rediyo, tocila, agogo. Maus ma suka jefa can, sun ɗauka shi ma abu ne mai zaman kansa. Kason nan kuwa Yaya Almu ya faɗa wa. Yana Damari.

Ban gaya wa Malam Uwais cewa ba ma magana da yayana ba. Na ce to, zan duba.

Asabar, 2 ga Maris

Ba zan kira Yaya Almu ba. Mutumin da ya miƙe gaban dangi ya ce na ɓoye masa ciwon Baba har ya cika. Ni da na yini ina neman layinsa daga nan Faskari ba ya shiga! Uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage, amma abin da ya iya faɗa ke nan.

Laraba, 6 ga Maris

Malam Uwais ya aro mini kibod mai waya. Nan take kwamfutar ta buɗe. Ga Baba a gonar Daudawa, ga shi ranar sunan Ikhlas ɗiyata. Sai wani hoto da ban san da shi ba: Yaya Almu durƙushe yana yanke masa farce, Baba na dariya.

Ai buƙata ta biya. To me ya hana ni sukuni?

Juma'a, 8 ga Maris

Na kira Yaya Almu. Na ce maus nake so, ya ba direban mota ya kawo mini. Ya ce, "Hafiza, kina lahiya?" Na ce lafiya, na kashe. Ban ce masa na samu kibod na aro ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Bai ba direba ba. Da azahar na ji sallamarsa, ya rame, maus ƙunshe cikin leda a aljihu. Kafin ya shigo na tura kibod ɗin aron ƙarƙashin gado, ban san dalili ba.

Muka buɗe maus, ga ɗan abin. Ya gwada sokawa ya kasa, na karɓa. Kibod ya kama. Ya daɗe yana kallon hoton farcen nan, sannan ya ce, "Azumi ya zo. Abin da na hwaɗi, baƙin ciki ne ya sa ni. Ki yahe mani."

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ya so komawa bayan la'asar, na hana shi. Ba wai na huce ba ne, hanyar ce ba ta da kyau da yamma. Na dai tura an sayo kifi, don ba ya cin miya haka nan.