Sunan da Hajiya Hajo Ta Ƙi Kamawa

Anbariyya, Madina

Yaya Aishatu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau. Iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, kafili mai tsaya min kullum sai ya ce bukra, wato gobe, don haka na rage fita. Kada ki gaya wa Baba.

Batun kakanmu da ya je yaƙin Burma, ofishin adana takardun soja sun amsa. Sun ce ba za su iya neman mutum da "Dogo Soja" ba, sai da sunan yanka. Mu kuwa laƙabin kaɗai muka gada, tunda Baba yana goye kakan ya taho Hajji bai koma ba.

Na je wurin Hajiya Hajo, matar da kakan namu ya aura a nan. Ita kaɗai ta rage da ta sani. Da na tambaye ta, sai ta ja mayafi ta ce, "Haba ɗan nan, ni zan kama sunansa?" Jikarta Sundus ta roƙe ta da Larabci, ta ƙi. Rubutu kuma ba ta iya ba.

A hanyar gida na lura da wani abu. Shekara biyu ina zuwa gaishe ta, kowa tana kiransa da sunansa, amma ni ban taɓa jin ta ce Rilwanu ba.

Ki tambayi Baba, wa ya zaɓa min suna? Idan mahaifiyarsa ce, na san abin da zan aika wa ofishin.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙaninki,
Rilwanu