Shuɗin Yatsun Safiya

Zuwa ga Yaya Hajara a Damagaram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ke da Malam da yara, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, kin tuna shuɗin nan na yatsun 'yata Safiya da leɓenta? Tunda a sashen rini na masana'anta nake aiki a Challawa, duk mun ɗauka kayan aikina take taɓawa tana kai hannu baki. Uwarta ta yi ta dirzar yarinyar nan da soso har tana kuka. Shuɗi bai fita ba, ga haki ko tsakar gida ta tsallaka.

Ashe ba rini ba ne. Likita ya nuna mini hoton ƙirjinta: wasu jijiyoyi ne suka haɗe a huhunta, jini yana bi ta nan ya wuce bai ɗebi iska ba. Haka aka haife ta.

Ko tsaga ta ba su yi ba, Yaya! Siririn bututu suka zura ta cinyarta har huhu, suka toshe mahaɗar. Da aka fito da ita na kama hannunta, sai na ga faratanta sun yi ja. Ni da nake juya launi kullum, zama na yi a ƙasa ina tasbihi.

Likita ya ce abin yana bin dangi, kuma yawan haɓo yana cikin alamunsa. Don Allah ki kai Habunki a duba shi, tunda yana yawan haɓo.

Ku sa ta a addu'a. A gaida Inna, a faɗa mata jiya Safiya ta kori akuya har bakin titi, ta dawo da gudu.

Ƙaninki,
Sale