Wa Ya San Shi a Kasuwar Karmo?

Gwarinpa, Abuja
9 ga Oktoba

Zuwa ga abokina Zacharias,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah ya ba ka lafiya, ya tashi kafaɗunka. Ƙanwarka Perpetual ta gaya mini wayarka ta salwanta a kasuwar Karmo, kuma likitoci sun ɗaure maka muƙamuƙi da waya, ba ka iya magana. Shi ya sa na koma ga takarda da biro. Ita za ta kawo maka wannan.

Ka gafarce ni da ban cika alkawarinmu na haɗuwa a kasuwar ranar Talata ba. Taro ne ya riƙe ni a ma'aikata, a ofis labarin abin da ya same ka ya iske ni. Na so in zo asibiti, aiki ya yi mini yawa.

Ranar Asabar 'yan ƙungiyar karatunmu mun haɗu a lambun da muka saba, mu bakwai, ba kai mai kawo mana gyaɗa. Kauthar ta gama littafin matar nan da ke tuƙa jirgi tsakanin taurari ita kaɗai, ɗauke da irin hatsin ƙarshe da ya rage a duniya. Tana rufe shi ta koma shafin farko, ta ce sai a karatu na biyu za ka gane tun daga babi na uku jirgin yake yi wa matar ƙarya. Saleh yana nan kan bakansa, wai duk labarin da ke da takobi da dodo na yara ne, a ba shi injina da lissafi. Amma a jakarsa mun kama kashi na huɗu na labarin sarauniyar tsaunukan gishiri, har bangon ya yage don shan hannu. Da kana nan da ka hana shi sakat.

Ga wani sabo na haɗo maka, kan garin da ruwa ya cinye har mutane suka koma zama a kan turakun lantarki. Zai rage maka zaman gado.

Ka huta lafiya.
Abokinka,
Abdulmajeed

*

Asibiti, ɗakin maza
13 ga Oktoba

Oga Majid,

Ina gaisuwa. Ya madam, ya yara? Takarda da littafi sun iso, na gode. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun dama yana cikin filasta, da hagu nake yi.

Ba ka tambaye ni yadda aka yi ba, amma zan faɗa maka, don ba ni da bakin faɗa wa kowa.

Na gama gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, a wani gida da wuri, sai na riga ka zuwa wurin mai tsofaffin littattafai na bayan 'yan gwanjo. Bai buɗe sabon buhun littattafai ba tukuna. Na zauna kan benci na ciro littafin maƙeran nan bakwai da ka ara mini. Karo na uku ke nan, ina daidai inda autarsu ke sauka rijiyar wuta. Wani mutum ya zo wucewa, ƙafarsa ta bugi tawa. Na ce yi haƙuri, ko kai ban ɗaga ba. Taku uku ya yi, ya dafe gaban wandonsa ya kwarma ihu: "Ya ɗauke! Wannan ya ɗauke mini mazakuta!"

Oga, dariya na fara yi. Kafin in rufe baki mutane sun zagaye ni.

Wani ya fizge littafin. Ka san bangon, dabbar nan mai ido ɗaya. Ya buɗe ya ga taswira, ya juya baya ya ga haruffan da marubuciyar ta ƙirƙiro na yaren maƙera. Ya ɗaga sama yana cewa, "Ga tsafin nan! Ga rubutun da yake karantawa!" Na ce labari ne kawai, a shago ake sayarwa. Ban kai ƙarshen magana ba katako mai ƙusa ya sauka a fuskata. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa.

Suka ja ni ta ƙafa zuwa tsakiyar hanya, suka yage mini riga da wando. Mai gora na duka, mai bel na duka, wata mata da murfin tukunya. Wani ya take mini hannu, wani ya ɗaga bulo ya saki a kai. Ƙarar ƙashin na ji kafin zafin. Mai littattafai tuni ya bar kayansa ya gudu. Sai ga taya an rataya mini a wuya, wani ya tsiyayo fetur daga babur a robar ruwa ya juye mini a ka. Ya shiga idona, ya shiga baki. Ina jin ana cewa a kawo ashana.

Wani dattijo ya yi ta ɗaga murya: "Ku dakata! Wa ya san shi? Akwai wanda ya san shi a nan?" Sau uku ya tambaya. Shiru.

Sai wata mai tumatur, Lantana, matar da ban taɓa ko gaisawa da ita ba, ta ratsa su ta faɗo a kaina ta rungume ni da tayar duka. Ta ce, "To ku ƙyasta, ku ƙone mu tare." Suka yi ta dukan bayanta ta ƙi saki, har motar 'yan sanda ta iso.

Kunu nake sha da ɗan bututu. Idon hagu suna dubawa. Littafinka sun ƙone shi, tunda ni ba su samu ƙona ni ba. Ka gaishe da Kauthar, ka ce wa Saleh na ji labarinsa.

Naka,
Zacharias

*

Karmo
20 ga Oktoba

Malam Abdulmajeed,

Ina gaishe ka saboda haka aka koya mini a gida.

Jiya wata maƙwabciya ta turo mini bidiyon da aka ɗauka ranar a kasuwa. Yayana bai gani ba. Na kalla har ƙarshe sau ɗaya, na yi amai, sannan na koma minti na biyu. Kusa da mai takalma akwai wani mutum da kaftani shuɗi da katin aiki a wuya. Lokacin da dattijon nan ke tambaya wa ya san shi, mutumin ya kama katin ya cusa cikin riga. Na san kaftanin. Da shi ka zo cin shinkafar Kirsimeti gidanmu bara, har mama ta ce ya yi maka kyau.

Ni na kai masa takardarka da hannuna, mai cewa taro ya riƙe ka.

Ga abin da ake ciki. An kama mutum uku, har da mai ihun, kuma likita ya duba shi, ba abin da ya ɓata a jikinsa. Amma bidiyon rawa yake yi, bai nuna wanda ya saki bulo ba, bai nuna wanda ya zuba fetur ba. Su biyun suna kasuwa suna harkarsu. Lantana ce kaɗai ta yarda ta nuna su. Ranar Alhamis da safe, kasuwa cike, wasu maza huɗu suka kifar da teburinta, suka tattake tumatur, ɗaya ya riƙe ta ɗaya ya karya mata hannu da rodi. Sun ce idan ta taka kotu kanta za su fasa. Ta koma wurin danginta a wani ƙauye bayan Bwari. Ɗan sandan da ke binciken ya ce mana in ba shaida, ba abin da zai riƙe su da shi.

Kai kana tsaye, ba jini a idonka, ba fetur. Ka ga komai.

Ban gaya wa yayana ba. Kai za ka gaya masa, ko ni in gaya masa ranar Lahadi bayan coci.

Perpetual

*

Gwarinpa
21 ga Oktoba

Zacharias,

Ina gaishe ka, in har gaisuwata tana da sauran daraja a wurinka.

Na yi maka ƙarya. Babu wani taro. Na iso Karmo ƙarfe biyu da kwata, na ajiye mota, na ji hayaniya. Da na kutsa sai na ga kai ne a ƙasa, ga littafina a hannun wani yana nuna wa jama'a. A shafin farko akwai sunana da lambar wayata, da biro ja, kamar yadda nake yi wa duk littattafaina. Abin da ya fara zuwa zuciyata ke nan. Ba kai ba, sunana. Na ce yanzu wani zai karanta, su ce mu biyu ne, ni ne mai tsafin, kai yarona.

Na ga wanda ya take maka hannu da wanda ya saki bulon. Na ga mai fetur, yana da tabo daga kunne zuwa haɓa. Na ji tambayar dattijon duka sau ukun. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma ba abin da ya fito. Ina da kati, ina da manyan kaya, Hausata irin tasu ce. Da na ce abokina ne, littafina ne, wataƙila da sun tsaya, wataƙila da sun haɗa da ni. Ban gwada ba. Da matar nan ta faɗa kanka, na juya na koma mota, na kulle ƙofa, na zauna hannuna na rawa har 'yan sanda suka tafi da kai.

Washegari na je ofis. Ranar Asabar na zauna a lambu ina gardama kan jirgin da ke yin ƙarya.

Ban san abin da zan roƙe ka ba. Ko matata ban gaya wa ba.

Abdulmajeed

*

Asibiti
25 ga Oktoba

Oga Majid,

Na gaishe ka.

Na sani. Na gan ka tun kafin a kawo tayar, lokacin ido biyu nake da su. Na kira sunanka, jini ne ya cika bakin, bai fita ba. Da dattijon ya yi tambaya, kai nake kallo. Na rubuta maka labarin duka ne don in ga ko za ka ce wani abu. Kwana takwas na jira, sai da ƙanwata ta matsa maka.

Ranar Litinin sun cire idon hagu. Ƙusar ta lalata shi, fetur ya ƙarasa.

Shekara huɗu muna zama a lambun nan. Kai ne mai zafi duk lokacin da wani a littafi ya gudu ya bar mutanensa. Ka tuna yadda ka jefar da littafin mayaƙan ƙanƙara a kan ciyawa, ka ce ba za ka ƙarasa labarin matsoraci ba? Ni na ɗauka na goge, na ce ka yi masa uzuri, mutum ne. Yanzu ina kwance ina neman uzurin nan, ban same shi ba.

Kada ka sake rubuto mini yadda hannunka ya yi rawa. Nawa a karye yake, na Lantana ma. Mai tabon nan yana nan a kasuwa. Ka san hanyar ofishin 'yan sanda.

Zacharias

*

Gwarinpa
4 ga Nuwamba

Zacharias,

Bayan gaisuwa, ya ƙarfin jiki? An ce an sallame ka. Alhamdu lillahi.

Ranar Litinin na ba da shaida a rubuce, shafi biyar, na sa hannu. Jiya Juma'a da hantsi na bi 'yan sanda huɗu cikin kasuwa. Mai bulon yana loda buhuna a baro, na nuna shi. Mai tabon yana wurin 'yan babur. Da ya ga yatsana a kansa ya zaro sukundireba ya yo kaina, ya yage mini hannun riga har fata kafin su danne shi. Muna fita da su jifa ta fara. Dutse ya same ni a goshi, wani ya ragargaza gilashin motata, wata murya tana cewa ni ma matsafi ne, a kawo taya. Ɗinki shida aka yi mini. Ba don ka tausaya na faɗa ba, don ka ji daga bakina ne kafin wani.

Yau na je ƙauyen su Lantana. Hannunta na rataye a wuya. Na gaya mata ko ni wane ne da inda na tsaya ranar. Ta kalle ni, ta ce, "Kai ne mai shuɗiyar rigar." Ta ce za ta zo kotu idan ni na fara tsayawa. An sa ranar 21 ga wata. Zan fara tsayawa.

Na gaya wa matata. Na gaya wa 'yan ƙungiya, a gaban kowa. Kauthar ta tashi ta bar wurin.

Allah ya ƙara sauƙi.
Abdulmajeed

*

Karmo
9 ga Nuwamba

Oga Majid,

Gaisuwa. An kwance mini baki jiya, ina faɗa Perpetual na rubutawa. Likita ya hana ni karatu wata uku, don kada idon da ya rage ya gaji. Ita kuma ba ta iya kiran sunayen mutanen littafi, tana tsallake wurin yaƙi.

Ban yafe ba. Ban san ranar ba.

Ka zo Asabar ƙarfe huɗu ka karanta mini babi biyu a littafin garin da ruwa ya cinye. Ka ajiye mota a bakin titi, ka shigo unguwar da ƙafa. Kada ka kawo lemo, kada ka ba ni haƙuri. Idan ka gama ka tafi.

Zacharias

Malam, ni ce Perpetual. Zan bar ƙofa a buɗe, amma ba za ka same ni a gida ba.