Ranar da Aka Kashe Inji

Litinin, 3 ga Maris
A rubuta saboda tarihi: shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutu a maɗaba'a, ban taɓa sa an tsayar da inji don larurar jikina ba. Wannan ɗan kumburi da ya ɓullo a gefen wuyana bai isa ya karya tarihin ba. Ƙamus muke bugawa, mun kai harafin K.

Laraba, 5 ga Maris
Autata, mai binciken ƙwayoyin halitta a jami'a, ta latsa wuyana ba tare da neman izini ba. Wai kowace ƙwaya, kafin ta rabu biyu, sai ta kwafe littafin gadonta, DNA, haruffa biliyoyi. Na ce ashe abokan sana'ata ne. Ta ce, "Sun fi ka jin magana, Baba. In kayan aiki suka yanke, ko kwafin ya cije, tsayawa suke yi." Na yafe mata. Ƙuruciya ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Zama ya gagare ni. Sau tara na taɓa wuya.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta dawo da takardar ganin likita ranar Talata, haɗe da lacca. Wai inda kwafin ya cije, wasu sinadarai kan lulluɓe zaren DNA ɗin da ya buɗe don kada ya tsinke, wasu su kai saƙo a dakatar da rabuwa har sai an gyara. Na tambaya cikin isa: wadda ta ƙi tsayawa fa? "Ita ke buga kuskure, 'ya'yanta su kwafa, jikoki su ƙara. Wani lokaci daga nan ciwon daji ke somawa." Ƙasa take kallo. Na sanar da ita cewa ranar Talata muna harafin M.

Litinin, 10 ga Maris
Mai kula da inji ya ajiye mini shafi na 212. Layi guda ya fito sau biyu, ga sa hannuna a ƙasa, kuma an riga an buga kwafi ɗari uku. Na tuna inda hankalina yake lokacin da na duba shi. Ya ce, "Malam, in ci gaba?" Na daɗe ina goge tabarau. Na ce ya kashe.

Talata, 11 ga Maris
Na je asibiti, don kawai Auta ta sarara mini. Sun ɗebi ɗan nama, sakamako sai mako mai zuwa. A mota ta riƙe hannuna, ban janye ba, wai don kada ta ji kunya. M za ta jira. Ku kuma ƙwayoyin cikin wuya, in kuna ji, a dakata tukuna.