Haɓon Wanzami

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024
Yau na ji kunya a kasuwar Sheme. Ina tsakiyar yi wa Alhaji Rabo aski sai jini ya ɗigo a kan farar rigarsa. Na duba kansa, ban yanke shi ba. Ashe daga hancina ne. Shekara talatin ina wanzanci, ban taɓa ɓata wa mutum riga ba sai yau, kuma da jinina. Na gode Allah, mutumin kirki ne, dariya kawai ya yi.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Haɓo kuma, bayan masallaci. Indo matata ta ce in je asibiti. Na ce jini ne ya yi yawa, jiki ke yi wa kansa ƙaho kyauta. Wa zai koya mini zancen jini?

Talata, 23 ga Afrilu
Na uku. Wannan ya daɗe bai tsaya ba, ga ƙeyata kamar an ɗora mini buhun masara.

Laraba, 24 ga Afrilu
Indo ta kai ƙarata wurin Hafiza, ɗiyar ƙanena mai aikin jinya a Faskari. Ta zo da abin awo, ta ɗaura mini a dantse, ya matse ni. Ta sake awo. Ɗari da tamanin ne wai. Ta ce, "Baba, ba kowane haɓo ne hawan jini ba, zahin nan ma shina sa shi. Amma naka jinin ya hau, kuma ƙaho ba ya sauke shi." Na ce to mi hawan jinin zai yi mani? Ta ce, "Ka tuna hannun Kaka."
Na tuna. Babana ya yi shekara shida da shanyayyen hannun dama, yana kallon askarsa ba ya iya ɗauka. Tsoro ya kama ni, gaskiya. In hannun nan ya tafi, ni wane ne?

Alhamis, 2 ga Mayu
Na je asibiti, likita ya ba ni ƙwaya ɗaya kullum da safe. Indo ta rage gishiri da magi, miya ta koma ruwan wanke kwano. Na yi mita, na kuma cinye. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ba zan faɗa mata ba don kada kanta ya yi girma.

Asabar, 11 ga Mayu
Ɗari da arba'in da biyar. Alhamdulillahi. Hanci shiru.

Juma'a, 17 ga Mayu
Alhaji Rabo ya zo a yi masa ƙaho, ciwon kai ya dawo. Hafiza na gida, na ce ta gwada shi don wasa. Nasa ya fi nawa na farko. Shekara goma sha biyu ina tsaga masa ƙeya a kan ciwon kan nan. Ban iya haɗa ido da shi ba. Shi kuwa hannuna ya riƙe, ya ce, "Mani, Allah shi yi wa hancinka albarka."

Lahadi, 19 ga Mayu
Mutum biyu daga Mairuwa za su zo ƙaho gobe. Ban daina ba, gadona ne. Na dai ce su biya ta wurin Hafiza tukuna, su zo mini da lambar a takarda. Don yarinyar ta ƙara ƙwarewa ne kawai.