Kwalbar Jika Biyu Za Ta Raba Ni da Mutanena

Zuwa ga Mai girma Direktan kamfanin da ya ƙera wasan Kogon Dodanni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da ma'aikatanku. Ban san garinku ba, ban san ko kuna jin Hausa ba. In ba ku ji, ku nemi mai karanta muku.

Ni tsoho ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Shekara talatin da ɗaya na yi ina majo, wato babban mai jinya, a likitar garin Dogo, asibiti ke nan, daga baya ta Tirmini. Yanzu ƙafafu sun ƙi, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda. Mai ɗakina ta rasu, abokan hira sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Bara 'yata da ke aure a Yamai ta aiko mini da salula, da wasanku a ciki.

Mai girma Direkta, kun yi aiki! A cikin wasanku ina gudu. Ina tsallake rami! Rannan na faɗo daga kan dutse, na tashi ko targaɗe babu, na yi ta dariya har tari ya sarƙe ni, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ko lafiya.

Da aka ce in zaɓi sana'a, mayaƙi ko maharbi ko mai magani, ban tsaya shawara ba. Mu biyar ne a ƙungiya, kullum bayan la'asar. Shugabanmu wani Bakano ne mai sayar da atamfa a nan kasuwa. Sauran ukun ban taɓa ganin fuskarsu ba, sai murya. Baba Majo suke ce mini. Ranar da rezo, wato layin waya, ya ɗauke ban shigo ba, biyu suka kira su ji lafiyata. Rabon da a yi cigiyata haka, na manta.

Ga kukana.

Na farko, rabon ganima. Dokarku ta ce wanda ya fi sara shi ya fi samu. Ni ba na sara, ina baya ina ɗinke masu sara. Ranar da muka kada dodo mai kai uku, sau tara na tada Bakano daga ƙasa. Shi ya tashi da takobin zinariya, ni aka ba ni takalmi wari ɗaya. Wari ɗaya, Mai girma! A nan in an yi watanda, aka haɗu aka yanka sa, kashi-kashi ake yi daidai. Ba a ce wa wanda ya riƙe igiya ai ba kai ka riƙe wuƙa ba.

Na biyu, in faɗi nawa laifin kafin ku gani a takardunku. Sau biyu na yi wa abokan gaba magani ana tsakiyar faɗa. Mutum na kwance gabana jininsa na ƙarewa, hannuna ya riga tunanina. Haka aka koya mana, ba a tambayar majinyaci ɗan wane gari ne. An ci mu, an yi mini tsiya kwana uku, na kuma ji daɗin tsiyar.

Na uku shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun bayan Sallar layya kun fito da kwalbar magani ta sayarwa, jika biyu, wato sefa dubu biyu. Mai ita yana sha ya warke nan take, ko ya faɗi ta tada shi, ba ya jiran kowa. Uku cikin mutanena sun saya. Jiya Bakano ya kira ni, ya gaishe ni har sau uku yana kewaye-kewaye, kafin ya iya cewa sauran na so a sa maharbi a gurbina daga Lahadi. Ban ga laifinsa ba, kunyar da ya ji ta isa. Ku kuka sa mai magani ya zama ƙarin baki kawai.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na ɗauki mayaƙi a ɓoye, da gatarin da ya fi ni tsawo. Yatsa ba ya sauka inda na aike shi. Kaza ce ta kashe ni a bakin gari. Kaza!

Don haka ina roƙo. A ba mai magani kasonsa daidai da na mai sara. Kwalbar kuwa, ban ce a hana ku ciniki ba, kowa da abin da yake ci. Ku bar ta ta warkar da rauni, amma wanda ya faɗi, ku sa sai hannun ɗan'uwansa ya tada shi. Kuma don Allah amsar ta iso kafin Lahadi.

Allah ya buɗa kasuwarku, ya kare ku da iyalanku, ya ba ku tsufa da mutane a kusa.

In kun makara, zan shiga dai ranar, in tsaya a bakin kogo da jakar maganina. Kwalba tana ƙarewa. Wani zai fito yana ɗingishi.

Wassalam.

Tsohon Majo,
Birni, Damagaram.