Masaƙar da Na Ce Ban Sani Ba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da su Murja. Yaya ciwon bayan nan? Ni lafiyata ƙalau a nan Legas, aiki yana tafiya, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Baba, akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ranar Asabar abokan aikina suka ja ni wani gidan adana kayan tarihi, inda mutane ke zuwa kallo har daga Kalaba. Muna shiga sai ga masaƙa irin taka ta ƙauyenmu Madachi, an kewaye ta da igiya, an hana taɓawa. Wata dattijuwa ta daɗe a tsaye, tana cewa hannun da ya iya wannan aiki mai albarka ne.

An ɗaura zaren ba daidai ba, kuma ni kaɗai na lura. Amma da suka ce, "Sagiru, kai Bakano ne, yi mana bayani," sai na ce ban taɓa ganin irinta ba. Tun zuwana na gaya musu kai ɗan kasuwa ne a birni.

Tun daga ranar nan abinci ba ya yi mini daɗi. Don Allah ka yafe mini.

A aiko mini da gwado ɗaya saƙarka ta hannun Gwadabe direba, zan kai ofis su gani. Ƙoshiyar saƙar nan kuma da ka taɓa miƙo mini na ce ni ɗan boko ne, in tana nan, kada a ba kowa.

Ɗanka,
Sagiru